Karatun gashin kansa a jami'a: ta ina ake shiga, me ake koyo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya. Burina in yi aiki da na'urar da ake yi wa masu ciwon daji gashi. Wane kwas zan cika a JAMB? Dole sai na zama likita? Shekara nawa ake yi, me ake koyarwa, kuma da gaske ne aikin yana hana mace haihuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa ki gama lafiya.

Mu fara da kalmar kanta, domin gashi a bakin mutanenmu iri biyu ne. Akwai gashin ƙashi, wato fisiyo, wanda ake yi wa mai karaya ko mai shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma gashin kansa, wanda a asibiti ake ce wa rediyoterafi: a saita haske mai ratsa jiki a kan ƙari, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, har ya lalata ƙwayoyin cutar. Kwas biyu ne daban, kada ki cika wancan alhali wannan kike nufi. Sunan ma yana tsorata marasa lafiya a banza. Babu wuta, babu zafi, mutum yana kwance ba ya jin komai sai ƙugin na'ura.

Ba dole sai kin zama likita ba. Mutum huɗu ne ke riƙe da sashen gashi. Likitan ciwon kansa shi ke yanke wa za a yi wa, a ina, kuma nawa. Hanyarsa ta fi tsawo, shekara 6 na likitanci, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, bautar ƙasa, sannan wasu biyar zuwa shida na ƙwarewa a asibitin koyarwa. Masanin fiziks na asibiti shi ke auna abin da na'ura ke fitarwa ya tabbatar da lissafi. Digirin fiziks yake yi, ya ɗora digiri na biyu da horo a gaban na'ura. Nas ɗin masu ciwon kansa ita ke da ruwan kemo, wankin gyambo da kula da raɗaɗi. Na huɗu shi ne rediyogirafa na gashi, wanda ke kwantar da mara lafiya a gadon na'ura, ya daidaita shi, ya kunna. Likita yakan ga mara lafiya sau ɗaya a mako, shi kuwa rediyogirafa yana ganinsa kwana biyar a mako, har mako biyar ko bakwai. Daga yadda kika yi tambayar, wannan kujerar kike nema.

A Najeriya sunan kwas ɗin rediyogirafi, a jerin JAMB za ki ga an rubuta Radiography. Ki kula da mai kama da shi, rediyoloji, wanda ƙwarewa ce ta likitoci bayan sun gama likitanci, ba a shigarsa daga sakandare. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. A JAMB kuma Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji za ki zana. Gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka sai da maki mai kyau. A Arewa ana yinsa a Jami'ar Bayero ta Kano, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Maiduguri da Ahmadu Bello ta Zariya. A Kudu akwai sassan da suka daɗe a Inugu, Kalaba, Legas da Nnewi. Duk makarantar da za ki zaɓa, musamman sababbi, ki tabbatar tana da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC da kuma ta hukumar rajistar masu wannan sana'a, RRBN, wadda aka kafa a 1987. In babu ta biyun, kina iya riƙe kwalin digiri amma ba ki da lasisin taɓa mara lafiya.

Shekara biyar ne. Ta farko kimiyyar share fage ce. Ta biyu ita ce mai kayar da mutane, domin a nan ake haɗuwa da ilimin sassan jiki a ɗakin gawa, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da fiziks na haske mai ratsa jiki. Daga ta uku ake fara zuwa asibiti, a koyi kwantar da mara lafiya, sanin na'urori, cututtuka da kariya. Shekaru biyun ƙarshe su ne na CT, MRI, sikanin, gashi da ilimin ciwon kansa, sai aikin bincike da jarrabawar ƙwararru. Bayan rantsuwa akwai shekara ɗaya ta horo a asibiti, sannan bautar ƙasa.

Ga abin da ya kamata ki sani tun yanzu. Digirin namu ya haɗa ɗaukar hoto da gashi a tukunya ɗaya, kuma ɗaukar hoto ya cinye mafi yawan tukunyar. A Ingila tun ranar farko ake raba su, mai son gashi ya yi digirinsa na shekara uku a kan gashi da ciwon kansa kaɗai, kusan rabin lokacin a asibiti. Afirka ta Kudu ma a rabe suke. A nan kuwa ɗalibi yana iya gamawa bai yi cikakken wata guda a gaban na'urar gashi ba. Saboda haka ke za ki bi na'urar, ba za ta biyo ki aji ba. Ki fifita jami'ar da asibitinta ke da sashen gashi, kamar na Shika a Zariya ko na Sakkwato. In taki ba ta da shi, ki nemi takarda daga sashenku ki yi hutunki a inda ake da shi, irin Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ko Ibadan, ko Legas inda aka buɗe babbar cibiya a asibitin koyarwa a 2019. Kafin ki kama hanya ki tambaya ko na'urar tana aiki a lokacin, domin kasancewar sashe daban, aikin na'ura daban. Ki yi aikin bincikenki na ƙarshe a kan gashi, ki nemi shekarar horonki a asibitin da ke yinsa, ki faɗa wa shugaban sashe burinki tun makon farko. Horon da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ke ɗaukar nauyi ta hannun asibiti da gwamnati yake zuwa, kuma wanda aka gani tsaye a sashen ake turawa.

To me ake koyo a ainihin fannin? Fiziks ne ginshiƙi, kuma wadda ta tsane shi za ta sha wuya. Ma'aunin hasken da jiki ya sha sunansa Gray, ana rubuta Gy. Hoton ƙirji ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin dubu na Gy 1 ba, mai gashi kuwa Gy 2 yake karɓa kowace rana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa kuskuren da za a yafe a ɗakin hoto ba a yafe shi a nan.

Na'urorin gashi daga waje iri biyu ne. Ta kobal tana ɗauke da ɗan guntun ƙarfen kobal-60 a cikin kanta, an lulluɓe shi da darma da ƙarfe mai nauyi. Ba a kashe shi, sai dai a tura shi bakin taga a kuma mayar da shi maɓoyarsa. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara biyar da wata uku, wato kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata. Gashin da ke cin minti biyu da sabon ƙarfe zai ci huɗu bayan wannan lokaci, shi ya sa ake sabunta jadawalin lokaci duk wata. Ɗayar ita ce linak, wadda ba ta da irin wannan ƙarfe. Da lantarki take haɗa haskenta, in an kashe ta shi ke nan. Tana da siraran ganyayen ƙarfe masu motsi da ke yanka hasken daidai da siffar ƙarin, don haka ta fi kare lafiyayyen nama. Amma tana da laulayi: wuta tsayayya, ruwan sanyaya ciki, ɗaki mai sanyi marar ƙura, da injiniya a kusa. Akwai kuma gashin ciki, inda ake zura ɗan ƙarfe mai kamar ƙwayar shinkafa ta cikin bututu har jikin ƙarin na wasu mintuna, a janye. In na iridiyam-192 ne, rabin ƙarfinsa yana tafiya a kwana 74, sai an sauya shi kusan duk wata uku, abin da ya sa cibiyoyi da dama a Afirka suka gwammace na kobal.

Dokoki biyu za su zauna miki a ka. Ta farko, hasken ba a kan fata yake kai ƙololuwarsa ba: na linak mai ƙarfin MV 6 (MV ma'aunin ƙarfin hasken linak ne) sai ya shiga santimita ɗaya da rabi, na kobal rabin santimita. Wannan yana sauƙaƙa wa fata, amma in fatar ce ake nufi, kamar ƙirjin da aka cire wa mama, sai a shimfiɗa wani faifai mai laushi kamar nama domin ya jawo ƙarfin sama. A manta da shi a ranar da aka rubuta shi, an rage wa wurin rabonsa. Ta biyu, nisa. In aka ninka tazara, ƙarfi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Mara lafiyar da ya kamata fatarsa ta kasance santimita 100 daga tushen haske, in aka bar shi a 103, ya rasa kusan kashi 6 cikin 100, alhali duka sassaucin da aka yarda da shi a gashi bai wuce kashi 5 ba.

Za ki tambaya, me ya hana a ba mutum duka a rana ɗaya ya huta? Amsar ita ce zuciyar darasin da ake kira rediyobayoloji. Hasken yana karya DNA na duk ƙwayar da ya ratsa, mai cuta da lafiyayya. Lafiyayya ta fi iya gyara kanta cikin sa'o'i kamar shida, ta kansa kuwa gyaranta ragagge ne, don haka in aka raba kaɗan-kaɗan kullum, ɓarna tana taruwa a kan ƙarin fiye da naman da ke kewaye. Tsakiyar babban ƙari kuma ba ta samun iskar oksijin sosai, kuma ƙwayar da ba ta da oksijin ta fi taurin kai har ninki biyu zuwa uku. Yayin da na baki-baki ke mutuwa, jini yana isa ga na ciki, gobe sai su ji a jikinsu. Shi ya sa ake duba jinin mara lafiya duk mako, a yi ƙoƙarin kada himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, ya sauka ƙasa da 10.

Adadin likita ke rubutawa, amma ke ce ta ƙarshe da za ta duba takardar kafin a kunna, dole idonki ya san na kullum domin ya gane baƙo. Kansar bakin mahaifa: Gy 45 zuwa 50 a zama 25 zuwa 28, tare da ruwan kemo mai suna sisfilatin sau ɗaya a mako bayan an duba ƙoda, sannan gashin ciki, misali Gy 7 sau huɗu. Mama: Gy 40 a zama 15 ya zama ruwan dare, wasu wurare ma Gy 26 a zama biyar. Kai da wuya: Gy 70 a zama 35, mako bakwai cur. Furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji: Gy 60 a zama 20. Ƙashin da cutar ta yaɗu gare shi yana hana barci: Gy 8 sau ɗaya tak, kuma wajen shida cikin goma suna samun sauƙin ciwo. Haka za ki haddace iyakar gaɓoɓin da ake karewa. Laka ba a son ta wuce Gy 45 zuwa 50, domin bayan haka haɗarin shanyewar da ba ta warkewa yana ƙaruwa. Ƙullutun yawu na gefen kunne ana ƙoƙarin matsakaicin abin da ya sha ya tsaya ƙasa da Gy 26, in ba haka ba mutum ya rayu da busasshen baki.

Yanzu ga aikin hannunki. Bayan an tabbatar da cutar ta gwajin tsoka an kuma san inda ta kai, sai a yi hoton tsari a na'urar CT mai shimfiɗaɗɗen gado irin na na'urar gashi, ana yanka hoton milimita 2 zuwa 3. Yadda kika kwantar da mutum a wannan rana haka zai kwanta har ya gama, don haka kada ki sa shi a yanayin da ba zai jure minti goma sha biyar ba. Mai kansar kai da wuya ana yi masa takunkumin roba: a jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri kusan 70, a tsane, a ɗora a fuska, a bi hanci da haɓa da yatsu, a bar shi ya sandare sarai. A cire shi da wuri, ya motse, gobe ya ƙi shiga. Mai kansar mama tana ɗaga hannuwa sama da kai a kan allo na musamman, a rubuta lambar kowane maƙalli. Mai gashin mara ana so mafitsararta ta cika daidai kullum domin ta ture hanji daga hanyar haske: ta yi fitsari, ta sha leda ɗaya ta fiya wata, rabin lita ke nan, ta jira minti 30 zuwa 45. Sai a yi ɗigo uku na tawada a fata, gaba da gefe biyu, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Wasu suna ɗari-ɗari da shi saboda addini; ki yi bayani a natse, in sun ƙi akwai alƙalami da filasta mai haske, da sharaɗin kada a goge.

A kan hoton likita zai zana da'ira uku: ƙarin da ido ke gani, sai kewayensa inda ake zaton cutar ta yi saiwa har da kaluluwa, sai ƙarin tazara ta milimita 5 zuwa 10 saboda numfashi da ɗan bambancin kwanciya. Wannan da'ira ta uku amana ce a hannunki. In saitinki yana kaucewa fiye da ita, gefen ƙarin yana tsira, lafiyayyen nama yana shan abin da ba nasa ba. Kowace safiya kafin mutum na farko ana gwada na'ura: abin da take fitarwa kada ya kauce da fiye da kashi 3 cikin 100, fitilun leza kada su wuce milimita 2, a gwada makullin ƙofa, kyamara da lasifika. Sannan tantance mutum. A layi ɗaya sai ki sami A'isha uku, kuma da yawa ba su riƙe ranar haihuwa ba, don haka ki sa ta faɗi cikakken sunanta da bakinta, ki duba lambar kati da hoton fuska, ki tambaye ta wane ɓari ne, dama ko hagu. Mutum biyu ke saiti, ɗaya yana karantawa ɗaya yana tabbatarwa. A ɗauki hoton tabbaci a kwatanta da na tsari, sannan a kunna. Shi hasken minti ɗaya zuwa uku ne, sauran lokacin duk na daidaitawa ne. In kika ga takunkumi ya fara lilo saboda rama, ko ƙari ya saɓe, ki tsaya ki kira likita da masanin fiziks, wataƙila sai an sake tsari.

Ana koyar da manyan haɗurran da suka faru domin kowannensu ƙaramin abu ne ya jawo shi. A Kosta Rika a 1996, wajen auna sabon ƙarfen kobal an ɗauki minti 0.3 a matsayin daƙiƙa 30, alhali 18 ne, mutum 115 suka sha fiye da abin da aka rubuta musu da sama da rabi, wasu suka rasu. A Panama tsakanin 2000 da 2001 an sauya yadda ake shigar da bayanin garkuwar darma mai kare lafiyayyen nama a kwamfuta, ba wanda ya sake lissafin da hannu, mutum 28 abin ya shafa. A Goyaniya ta Birazil a 1987 kuwa tsohuwar na'ura aka bari a kangon asibiti, 'yan jari-bola suka fasa kanta, mutum huɗu suka mutu, aka gwada sama da dubu ɗari. Idan lokacin gashi ya yi miki tsawo fiye da yadda kika saba gani, ko fatar mutane da yawa ta ɓaci da wuri a lokaci guda, ki yi magana ko da ke ce ƙarama a ɗakin.

Abin da ya fi cutar da marasa lafiyarmu, a ganina, ya wuce duk waɗannan: tsallake kwanaki. Ƙwayoyin kansa da suka tsira suna ƙara saurin hayayyafa bayan 'yan makonni da fara gashi, don haka kowace ranar da aka rasa riba ce gare su. Kansar bakin mahaifa ana so a kammala komai, waje da ciki, cikin mako takwas. A kansar kai da wuya, kowace rana da aka ƙara tana rage damar shawo kan cutar da kusan kashi 1 cikin 100 ko fiye. Dalilan sanannu ne: kuɗin mota ya ƙare, ba masauki, Sallah ta zo, girbi ya kama, wani ya ce a koma na gargajiya, ko na'ura ta tsaya. Ana ramawa da gashin Asabar, ko zama biyu a rana da tazarar sa'a shida, bisa lissafin likita da masanin fiziks. Amma rigakafin ya fi: tun ranar farko ki zauna da mara lafiya da wanda ke ɗaukar nauyinta, a ƙirga kwanakin a kalanda, a san inda za ta kwana, a karɓi lambar waya biyu. In azumi ya gabato, a yi maganarsa da wuri tare da likita, domin mai gashin mara sai ta sha ruwa kafin kowane zama.

Illar gashi galibi a inda haske ya bi take tsayawa. Wadda ake yi wa a mara sumar kanta ba za ta zube ba, sai in kemo ne ya zubar. Fata takan fara nunawa a mako na biyu zuwa na uku, kuma a nan littattafai za su iya ruɗe ki, domin ja suke kwatantawa, na farar fata. A fatarmu duhu take ƙarawa, ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, sannan ta saɓule a lungu kamar ƙarƙashin mama, hammata da matsematsi. Sai kin duba da haske mai kyau kin kuma tambaya. Shawarar ita ce wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ban da soso, ban da gasawa da tawul mai zafi, ban da man zafi, turare ko shafa garin magani, a sa tufafin auduga mai yalwa, a kare wurin daga rana. Mai gashin baki da maƙogwaro a tura shi likitan haƙori tun kafin a fara, domin cire haƙori bayan gashi yana iya hana ƙashin muƙamuƙi warkewa. Ya riƙa kurkure baki sau da yawa a rana da ruwa lita ɗaya da aka zuba wa ƙaramin cokali na gishiri da na bakin soda, ya bar yaji, taba da goro, ya koma kunun gyaɗa, ƙwai, madara da fura mai laushi, a auna nauyinsa duk mako. Mai gashin mara takan yi gudawa da zafin fitsari, kuma bayan an gama farji yana iya tsukewa in ba a koya mata amfani da abin buɗawa ba, maganar da kunya ke sa a tsallake ta, matar ta je ta sha wahala a gidanta. Alama ɗaya kuma ba ta jiran gobe: mai kansa ya ce bayansa na ciwo, ƙafafu sun yi nauyi, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba. Laka ce ake dannewa, a kira likita nan take.

Mafi yawan masu zuwa sashen a ƙasar nan cutar ta riga ta yi nisa, kuma kansar mama da ta bakin mahaifa ne kan gaba a mata. Ke nan mace a wannan ɗaki, mai jin Hausa, in da hali da Fulatanci ko Barbarci, ba ƙaramar rahama ba ce. Akwai matar da ke fasa magani don kawai namiji ne zai buɗe ta. Ki rufe ta da zane, ki buɗe iya inda ake buƙata, ki faɗa mata abin da za ki yi kafin ki taɓa ta. Kada ki yi alkawarin warkewa, kada kuma ki yanke ƙauna. Tambayar da ta fi ƙarfinki ki kai ta ga likita.

Batun haihuwa: a'a, aikin ba ya hana ta. Ba wanda ke tsayawa a ɗaki lokacin da haske ke fita sai mara lafiya. Bangon da hasken ke fuskanta kankare ne mai kaurin mita biyu ko fiye, hanyar shiga a karkace take, ƙofa in an buɗe na'ura ta tsaya da kanta, ke kina waje kina kallo ta kyamara. Kowane ma'aikaci yana maƙale da ɗan bajo mai auna abin da ya sha, ana karanta shi duk wata ɗaya zuwa uku, a ƙarƙashin sa idon hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, NNRA. Da milisibat ake auna abin da ma'aikaci ya sha; iyakarsa milisibat 20 ce a shekara, kuma masu aikin gashi galibi ba sa kai kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ɗan Adam ma yana shan kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da sararin sama kawai. Abin da ke kashe ƙwan mace sai ya kai wajen Gy 3 kai tsaye, wato dubban milisibat. In kin sami juna biyu ki sanar da shugaban sashe da wuri, a tsara aikinki yadda abin da zai kai ga ɗan tayi ba zai wuce milisibat 1 ba, a ɗauke ki daga gashin ciki da aikin gaggawa a na'urar kobal. Ki kuma riƙa gaya wa dangi cewa wanda aka yi wa gashi daga waje ba ya ɗauke da komai, ya rungumi 'ya'yansa, a ci abinci kwano ɗaya da shi.

Ta fuskar samun aiki, kusan rabin masu kansa suna buƙatar gashi a wani mataki, na'urorin ƙasar nan kuwa ba su kai ko kusa da buƙatar mutum sama da miliyan 200 ba, kuma ana ta gina sababbin cibiyoyi. Nijar ma sai a 2021 ta fara gashi a cibiyarta ta Yamai. Sai dai guraben a 'yan manyan birane suke, ki shirya zama nesa da gida. Digirin kuma ya ba ki CT, MRI da sikanin, waɗanda za su riƙe ki kafin gurbi ya buɗe.

Kafin JAMB, ki dage da logaridim, lissafin kusurwa da na raguwar abu da rabi-rabi, da babin lantarki da na nukiliya a fiziks. Ki kuma roƙi wani babba a gida ya raka ki sashen gashi mafi kusa, ki nemi izinin yini guda. Ki zauna a layin jira, ki ga gyambon da ya fashe, ki ji warinsa, ki ga yadda ake ɗaura takunkumi a fuskar mai tsoro, sannan ki tambayi rediyogirafar da ke bakin aiki a wace jami'a ta yi karatu da kuma inda ta yi shekarar horonta.